Kofin Alƙali Pang

Alƙali Pang ya zaro dogon farcensa daga kunne, ya duba abin da ya kwaso, ya goge a gefen tebur. Matarsa Lou Wanqing ta kau da kai. Kai, ƙazanta dai ta ƙare a kan mutumin nan! Ya yi ta tara farce don a san hannunsa bai taɓa aikin ƙarfi ba, wanka kuwa sai an yi sabuwar shekara.

Abu ɗaya yake tattali a duniya: kofinsa na ƙahon karkanda, mai launin ruwan zuma, an sassaƙa masa fuskokin dodanni irin na tukwanen tagullar kakanni. Kowa a garin Wuxi ya san irin wannan ƙaho ba ya jure guba, da ta taɓa shi sai giya ta yi kumfa. Kafin a zuba masa, Pang kan shafa cikin kofin da yatsa yana yi wa kakanninsa kirari.

Kofin ya yi kumfa a hannun magatakardan da ya cika tambaya. Ya yi a hannun mai dafa abinci. Duk an shaƙe su. Jiya kuma ya yi a hannun Inna Gu, tsohuwar da ta goyi Wanqing tun tana jaririya, gobe za a rataye ta.

"Maigida, tsohuwar da ko sauro ba ta iya kashewa?" in ji Wanqing. "Idan aka taɓa ta, da ƙafata zan je wurin babana. Zan faɗa masa duk abin da ake yi a kotun nan."

Pang ya yi gyatsa, warin tafarnuwa ya cika ɗakin.

"Haba Uwargida, abin bai kai nan ba. Ni ma kofin nan na fara zarginsa. Bari mu gwada shi a gaban jama'a. Zuba da hannunki mai tsarki. In ya yi shiru, sai mu sake duba maganar tsohuwarki."

Daɗi ya kama ta. Ta ɗebo giyar shinkafa daga tulun da ta fasa hatiminsa da kanta. Dogarai da barori suka yi cirko-cirko. Pang ya shafa cikin kofin, ya yi kirarinsa, ya miƙo.

Ta zuba. Farar kumfa ta taso, ta malalo a kan fuskokin dodannin.

"Wayyo, har ke?" Pang ya dafa ƙirji.

Dogarai suka damƙe ta tana ihu. Ya matso, ya shafa kumatunta da ƙazamin hannun nan kamar mai ban kwana. A lokacin ne ta shaƙi wani ƙamshi da ba ta taɓa ji a jikin mijinta ba: garin sabulu, cunkushe a ƙarƙashin dogon farcen.