Kumburin Ƙafar Auta

Tun tana 'yar shekara goma Auta take fama da ciwon suga. A lokacin ta kai ashirin da uku, tana ɗinki a shagon yayarta, kekenta na jikin taga. Allurar suga tana yi in ta tuna, amma zuwa asibiti kam ya ishe ta. Likita ya sha gaya mata a riƙa duba fitsarinta duk shekara saboda ƙoda, ita kuwa sai ta ce, "To, in na samu sarari." Shekara biyar sararin bai samu ba.

Da farko kumfa ta riƙa gani a fitsarinta, ta ɗauka sabulun wanke banɗaki ne. Daga baya takalminta ya fara matse ta in yamma ta yi.

"Ke Auta, ta ƙafa kika fara ƙibar?" in ji yayarta tana dariya, almakashi a hannu.

"Zaman keke ne, Yaya. Wuni guda ƙafa a ƙasa, ai dole."

Mahaifiyarsu ce ba ta yi dariya ba. Ta danna yatsa a ƙafar, wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba.

"Anya ba za ki je a duba ki ba? An ce suga yana taɓa ƙoda."

"Haba Mama, wannan ai ciwon tsofaffi ne. Ni babu inda ke min ciwo."

Gaskiya ta faɗa, babu inda ke mata ciwo. Haka aka ƙara shekara guda.

Wata safiya ta tashi fuska a kumbure, ido da ƙyar yake buɗewa, ga tashin zuciya. Ta daure ta je shago, amma zare ya ƙi shiga allura. Yayarta ta ajiye almakashi, ta kama hannunta sai asibiti.

Likita ya daɗe yana duba sakamakon gwajin kafin ya ɗago kai.

"Ba jiya abin ya fara ba," in ji shi a hankali. "Suga yakan riƙa kumbura ƙananan hanyoyin jinin da ke cikin ƙoda, yana lalata su shiru, ba zafi ba raɗaɗi. Da an gano tun da wuri, akwai maganin da ke rage masa gudu. Yanzu abin ya yi nisa, sai wankin ƙoda."



Yau sau uku a mako take kwanciya a jikin na'ura, awa huɗu-huɗu. Ko ruwan sha sai an auna mata a kofi. Mahaifiyarta na zaune a gefen gadon tana gyara mata mayafi, ba ta taɓa ce mata "ai na gaya miki" ba. Wannan shirun ya fi komai yi wa Auta ciwo.

Jama'a, ciwon suga ba ya jiran mutum ya tsufa kafin ya taɓa masa ƙoda. Duk matashin da ke da shi ya kiyaye maganinsa, ya je a gwada fitsarinsa duk shekara, ko da yana jin kansa garau.