Gonar Ci Tara

Da hantsi Sabiru ya tarar da turakun masu awo a tsakiyar gyaɗarsa, an shafa musu jan fenti, an tattake masa kunyoyi kamar garken shanu ya bi ta kai. Bai tambayi kowa ba. Duk Ɗanbatta an san ƙungiyar ƙwallo ta Damisa za ta gina filin atisaye don tunawa da ci tara.

Wanda bai san ci tara ba, baƙo ne a garin. Shekara ashirin da wani abu ke nan, a wasan ƙarshe na kakar wasanni, dole sai Damisa ta doke Shaho ta Bici da ci tara kafin ta haura rukunin ƙwararru. Ta kuwa ci tara cif. Tun daga nan ba ta sake tsinana abin kirki ba, ta faɗo, ta hau, ta sake faɗowa. Amma ko ɗan yaye ka taɓa, zai ce maka tara da nema.

Washegarin wasan ne shugaban ƙungiyar, marigayi Alhaji Bunu, ya kama hannun Sabiru ya zagaya da shi gonar nan, daga tsamiya zuwa bakin rafi, ya ce ladan aikinsa ne. Ba takarda, ba shaida sai kyaftin Kamaruddeen. A ƙasar da wa ke maka ƙane a kotu kan kunya ɗaya, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da gidansa. Tun ranar bai sake taɓa ƙwallo ba, bai kuma sake taka kasuwar Bici ba, ko da taki ya fi araha a can.

"Ka je ka tuna musu," in ji matarsa Barira. "Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Ranar bikin tunawa da ci tara ya je. An kafa rumfuna, makaɗa na ta zuba kirari, tsofaffin 'yan wasa sun jeru a sahun gaba cikin korayen rigunansu na da, tumbi ya ɗage kowace riga har cibiya. Shi ba a taɓa ba shi koriyar riga ba, sai ya tsaya daga baya yana murza karkatattun yatsunsa.

Kamaruddeen ne riƙe da lasifika yana ba da tarihi. Kowace shekara ƙwallayensa ƙara nisa suke yi. Wadda ya tura daga taku biyu, bana ta koma daga tsakiyar fili, har da ɗaga ƙafa yana kwatantawa. Sabiru ya dube shi sheƙeƙe. Tir! Mutum da furfura, da tabon salla a goshi, yana shara ƙarya ana yi masa liƙi. Ya ja tsaki ya tofar da yawu.

Da aka fara rabon nama ya kutsa har gaban sabon shugaba, Alhaji Zaharaddini, ɗan marigayin, wanda yana makarantar kwana lokacin da aka yi wasan. Ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, gonar nan ta ƙungiya ce," in ji Zaharaddini. "Aikin me ka yi?"

"Ci taran nan, Alhaji, babu ɗaya da ba hannuna a ciki."

Aka bushe da dariya. Sabiru ya dubi sahun gaba. Mutanen da suka rungume shi a bayan fili ranar, yau kowa ya sunkuya kan tsirensa kamar an ce a ƙirga yaji. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Zaharaddini ba mugu ba ne, rashin sani ne. Ya nuna ƙaton hoton da aka rataye bayan rumfa, wanda aka ɗauka dab da ci na tara, mai shagon shayi da mai aski duk suna da ƙaraminsa a bango.

"Nuna min kanka a hoton nan. Wallahi in kana ciki, yau zan sa a tuge turakun."

Kamaruddeen ya yi wuf ya riƙo rigar Sabiru, leɓensa na ƙyalli da man nama.

"Ka rufa mana asiri, Sabiru," ya ce ƙasa-ƙasa. "Gona ce fa kawai."

Gona ce kawai! Daga bakin mai gidan sama da shaguna a bakin titi. Sabiru ya tuna gyaɗarsa da ta fara fure, ya tuna rumbun da bai kai kaka ba ko a shekarar albarka. Ƙyama ta taso masa, tasu da ta garin da ya mai da wannan rana abin ado, shi kansa ma bai tsira daga cikinta ba. Ya fizge rigarsa.

Makaɗa suka tsagaita. Ya taka zuwa hoton ya ɗaga yatsa. Yatsan ya wuce korayen riguna ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Kamaruddeen da ke shirin bugu, ya gangara can gefen da ba wanda ya taɓa kulawa da shi.

Nan ya tsaya, a kan mai tsaron ragar Shaho ta Bici, wanda tuni ya kwanta ruf da ciki a gefen raga, alhali ƙwallon tana nan a ƙafar Kamaruddeen, ko bugawa bai yi ba.