Malami Mai Lamba 114

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma aka fara cin mutuncin Malam. Yana tsakar gida yana ɗaure ƙafar tabaransa da zare, sai ya ji muryar Farfesa a rediyo.

Farfesa masanin tattalin arziki ne, a kan manufofin gwamnati ya yi digirinsa na uku. Tsofaffin rahotannin sufetocin makarantu ya kwaso, waɗanda aka goge sunayen mutane aka sa lambobi, ya rubuta littafi a kan malaman da ba sa zuwa aiki. Littafin ne ya kai shi kujerar farfesa. Babban misalinsa shi ne malami mai lamba 114: sau goma sha ɗaya sufeto ya je, kullum ranar Alhamis, kullum ya tarar da aji ba malami.

"Irin waɗannan su suka kashe ilimi," in ji Farfesa. Mai gabatar da shirin ya tuntsire da dariya, ya ce ai sai a raɗa wa mutumin Malam Alhamis.

Malam ya san lambarsa. Tsofaffin abokan aikinsa ma sun san ta, bakinsu kuma bai yi shiru ba. Kafin mako ya zagayo, har mai aski yana tambayarsa ko yau ma hutu ne. Shekara talatin da biyar yana shaƙar ƙurar alli, ga tukuicinsa.

Bai musa ba, ya yi fashin. Amma kowace Alhamis da ya fita, ya rama darasin ranar Asabar, aji cike. Takardar sufeto ba ta da gurbin Asabar, shi kuma mai digiri uku bai ga dalilin tambaya ba.

Matarsa ta roƙe shi da hawaye ya bar maganar, ta ce waya ɗaya zuwa ga Farfesa ta isa a kashe wutar. Ya ce da bakin wa? Ya zauna ya rubuta wasiƙa shafi huɗu, ya sa hannu da lamba kawai. Sakatariyar Farfesa ta amsa da layi biyu, wai bincike ba ya kula da ɗaiɗaikun mutane.

Ranar da jami'a ta shirya wa Farfesa lacca ta karramawa, Malam ya goge rigarsa da kansa, ya ɗauki tsohuwar rajistar ajinsa. Masu tsaron ƙofa suka rusuna, suka raka shi har kujerun gaba. Farfesa ya hango shi ya yi murmushi. Malam bai mayar ba.

Da aka zo tambayoyi ya riga kowa miƙewa. Ya ajiye rajistar a kan tebur, ya buɗe shafin Asabar.

"Ni ne 114. Ka ƙirga ranakun da ba na nan, ba ka tambayi inda nake ba. Ma'aikatar ilimi nake zuwa, don ranar Alhamis kaɗai darakta ke sa hannu a takardun masu tafiya karatu waje. Sau goma sha ɗaya na bi layi kafin ya sa hannu a taka. A rediyo ka zage ni, a rediyo za ka ba ni haƙuri, ka kuma faɗa wa duniya da bakinka cewa Malam Alhamis ubanka ne."