Na'urar Numfashi a Ƙarƙashin Teburi

"Akwai abin da na shekara huɗu ban faɗa miki ba," in ji mai gyaran kayan lantarki, bayan shi da matarsa sun karya kumallo.

"Allah ya sa dai ba rediyona ka sayar ba," ta ce tana dariya.

Mutum ne mai rufin asiri. Shagonsa ba ya rabo da aiki, gidansa kuma lafiya lau. Abu ɗaya ne ke ci masa rai, shi ne yau ya kwashe ya faɗa mata.

Wata biyar kafin annoba, ma'aikaciyar jinya ta ƙaramin asibitin unguwarsu ta kawo masa na'urar da ke taimaka wa marar lafiya numfashi, ita kaɗai suke da ita. Ya buɗe ya ga wani ɗan sashe ya ƙone, wanda sai an aiko da shi daga ƙasar waje. To, a shagonsa wanda ya tsaya a kansa shi ake fara sallama. Masu fanka da talabijin kullum suna tafe, ita kuwa ba ta da lokacin sintiri. Sai na'urar ta koma ƙarƙashin teburi.

Da annoba ta zo aka rufe iyakoki, ƙasashen da ke ƙera kayan suka riƙe abinsu. Ana cikin haka numfashin ƙanin matarsa ya sarƙe. Da suka kai shi asibitin, ma'aikaciyar jinya ta ja mai gyaran gefe ta ce, "Baba, ina na'urarmu?" Dole suka sake ɗaukar ƙanin suka yi gaba. Yaron ya cika a hanyar babban asibiti.

Matar ta saurare shi har ya gama. Can ta share ido ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Malam. Yanzu na'urar tana ina?"

"Tana nan. Sashen ma ya daɗe da isowa. Kunya ce ta hana ni taɓa ta."

"Kunyar taka wa za ta ba numfashi? Tashi."

Gyaran bai cinye sa'a guda ba. Ya rungumo na'urar ya kai da kansa. Ma'aikaciyar jinya ta jona ta, ta saurari ƙugin inji, sannan ta ce, "Sannu, Baba. Ajiye ta wajen gado na biyu, akwai mai jira."

Ya kai mai karatu, ƙasar da ba ta ƙera kayan asibitinta ba ta da damar yin sakaci da ɗan abin da ke hannunta. A gyara shi tun ana zaman lafiya, domin ranar annoba kowace ƙasa ta kanta take yi.