Wayar da Ake Rage wa Shekaru

Tun da aka kafa dokar cewa kowace waya sai ta sabunta kanta duk Juma'a, Malam Tanimu bai taɓa fashin zuwa rumfar Uwani mai gyara ranar Asabar ba.

"Baba, yau ma?" in ji Uwani, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yau ma, 'yata. Ta sake yin shiru."

Matarsa yake nufi, marigayiya Laure. Muryarta na cikin wata tsohuwar manhaja da ba ta buɗuwa a wayar zamani, sai an sa wayar ta yi ƙarya ta ce ita ta da ce.

Uwani ta jona wayar tana hamma. "Kullum rage shekaru, kamar ma'aikacin da ritaya ta taso wa. Wata rana ba za ta yarda ba fa, Baba."

"Ki dai yi mini na wannan makon."

Fuskar wayar ta kawo haske, ta nuna wata shekara da ta wuce tuntuni. Sai ga muryar Laure, har da 'yar shaƙewarta ta mura.

"Malam, ka sha maganinka? Auta bai dawo ba har yanzu?"

Uwani ta sunkuyar da kai. Ita ma ta je ta'aziyyar autan nan nasu bara.

Malam Tanimu ya kai wayar bakinsa, ya gyara murya.

"Yana hanya," ya ce. "Ki rufe masa tuwonsa."