Manhajar da Ke Ɓacewa a Sito

Da Baba Mai Sito ya kunna kwamfuta ran Litinin da safe, sai ya tarar manhajar ta sake ɓacewa. Gurbinta a allo fayau, kamar inda aka cire haƙori.

Manhajar kamfani ce, a cikinta ake shigar da duk kayan da suka shigo sito da waɗanda suka fita. In babu ita mota ba ta lodi, kuma kowa ya san wanda za a harara. Baba ya kira Injiniya a waya, sannan ya jona butar shayi.

Siton yana can ƙarshen gini, bayan ɗakin janareta, inda ko mai shara sai ya ga dama yake leƙawa. Da can direbobi kan shigo da takarda, a yi ciniki da baki, a yi tsiya, a yi dariya. Tun da aka kawo manhajar komai ya koma ta allo, Baba ya koma wuni da kwalaye. Gida ma ba ta sauya zane ba: matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai shi sai rediyo.

Ruwa bai gama tafasa ba Injiniya ya shigo, kofinsa a hannu. Dogo ne mara magana, shi ne admin, ragamar kwamfutocin kamfanin duk a hannunsa take. Ma'aikatan bene ba sa tuna yana duniya sai tasu ta ƙi aiki, shi ma daga ɗakinsa mai sanyi yake gyara musu, sai dai su ga kibiya tana yawo da kanta a allo. Sito kuwa da ƙafarsa yake zuwa. Ya ce intanet ɗin wurin ba shi da ƙarfi.

Ya ja kujera ya soma saka manhajar. Wani ɗan akwati ya fito a allo yana neman kalmar sirrin admin, Baba ya kau da kai kamar yadda ya saba, don ba ya son ganin abin da ba a nuna masa ba. Koren layi ya kama jan ciki a allo.

"Injiniya, wannan layin naka ya fi ni ciwon gwiwa."

Injiniya ya yi murmushi ya miƙa kofi. A zaman jiran layin nan ne Baba ya san cewa mutumin yana da 'ya guda, tana wani gari wurin uwarta tun da aure ya mutu, kuma a tsaye yake cin abincin rana. A nan ne shi ma Baba yake ambaton marigayiya har ya yi dariya. Ko sau ɗaya Injiniya bai taɓa tambayarsa me ya danna ba, abin da ya sa Baba yake ganin girmansa ke nan.

Amma a ranar shayin bai yi wa Baba daɗi ba, don Manaja ya riga ya kira shi ofis a makon da ya wuce.

"Ɗana, Manaja ya ce ruwa ba ya tsami banza," in ji Baba. "Duk ginin nan tawa ce kaɗai ke wannan iskancin. Wai in ta ƙara ɓacewa in je gida in huta. Ta yau ma Allah ya sa kada ya ji. Ni kuwa wallahi ban san abin da nake taɓawa ba. In na zauna a gida, da wa zan yi magana, da bango?"

Injiniya ya ajiye kofi da sauran shayi a ciki.

"Ba za ta ƙara ɓacewa ba, Baba."

Haka kuwa aka yi. Litinin ta zo ta wuce, wata ta bi ta, manhaja na nan daram. Aiki ya tsira, Manaja har ɗaga wa Baba hannu yake yi. Sai dai sito ya yi tsit. In suka haɗu da Injiniya a bakin ƙofa, gaisuwa ce a gurguje, ya sunkuyar da kai ya wuce. Baba ya ce a ransa, dama ɗan mutane ya gaji da surutun tsoho, kunya ce ta hana shi faɗa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Kofin da aka bari ya wanke shi ya kife a kan kwali, kullum yana kallonsa.

Sabo turken wawa. Wata safiya kaɗaici ya ci ƙarfinsa, ya yanke shawarar da shi kansa ya san ta wauta ce: zai cire manhajar da hannunsa, sau ɗaya tak. In Manaja ya ji, aiki ya tafi. Ya sani. Ya jona buta, ya gyara tabarau, ya yi ta lalube har ya gano inda ake cire manhaja. Ya yi ta maza ya danna.

Ɗan akwatin nan ya fito, wanda ya saba kau da kai daga gare shi. Yau ya karanta shi a karo na farko: ba a cire wannan manhaja sai da kalmar sirrin admin. Ya sake dannawa, akwatin ya sake fitowa.

Buta ta tafasa ta kashe kanta, Baba bai motsa ba. Mutum ɗaya ne a duk ginin ya san wannan kalma, kuma shi ne wanda kullum yake isowa da kofinsa a hannu tun ruwa bai tafasa ba.