Matakin da Lantana Ta Bari

"Ba wannan ba," in ji Lantana. "Talla ta yi masa yawa."

Dallatu ko waiwayowa bai yi ba. Kwana arba'in ke nan mijin nata yana yi mata wannan shariya. Ya ci gaba da duba wasannin da Zakiyyu mai gyaran waya yake nuna masa a rumfarsa ta kasuwar Dutse Alhaji.

"Oga, wai wane iri kake nema?" Zakiyyu ya tambaya.

Dallatu ya ciro wayar Lantana mai tsagaggen gilashi, ya buɗe wasan jera 'ya'yan itacen da take so, ya ajiye a kan benci. "Mai kama da wannan za ka saka mini a tawa."

"To, ka buga wannan ɗin mana."

"Faɗa masa dai!" in ji Lantana. Saura motsi ɗaya a cinye matakin, ga lemo uku suna kallonta. Haushi ya ishe ta, ta kai yatsa ta ja.

Lemon suka fashe. Wayar ta saki kiɗan nasara.

Zakiyyu ya ja da baya yana salati, don shi bai ga wanda ya taɓa ta ba.

Dallatu ya durƙusa a gaban wayar. "A nan matata ta tsaya ranar da motarsu ta kife a hanyar Abaji. Na ƙi taɓa shi ne don gani nake za ta dawo ta ƙarasa."

Lantana ta dubi yatsanta. Ta cikinsa take hango katakon bencin.